Farautar bana a gabar tekun jihar Karolina ta Arewa a Amurka: barewa, beyar, alade da agwagin ruwa

Ɗan Katsina a Raleigh:
Assalamu alaikum jama'a. Wani Bature abokin aikina ya gayyace ni farauta a gonar kawunsa can gabas, wajen gundumar Hyde, in an shiga Nuwamba. Ya ce wurin akwai barewa, akwai beyar, akwai agwagin ruwa, a wasu yankunan har da aladen daji, in yanki lasisi kawai in taho. Waɗanda suka san harkar, yaya kuke ganin bana? Me zan shirya?

Baban Ummi:
Wa alaikumus salam. Ka yi sa'a ɗan'uwa, don a jihar nan samun mai buɗe maka gonarsa shi ne rabin farauta. Amma "yanki lasisi kawai" ɗin nan akwai gyara. Sabon shiga sai ya yi kwas ɗin koyon farauta na Hukumar Namun Daji ta jiha kafin a sayar masa da lasisi, kuma wanda ake yi a aji kyauta ne. In lokaci ya ƙure maka akwai takardar ɗan koyo, da ita za ka fita muddin kana tare da babba mai cikakken lasisi, yana ganinka yana jinka.

Batun barewa kuwa, gabas ita ta fi ko'ina tsawon lokaci. Masu kwari da baka ke buɗewa a Satumba, sai masu bindigar ɗuri a farkon Oktoba, daga tsakiyar Oktoba kuma bindiga ta shigo har 1 ga Janairu. An yarje wa mutum guda shida a shekara, biyu masu ƙaho, huɗu marasa ƙaho. Ranakun suna ɗan motsawa kowace shekara, saboda haka ka ɗauko littafin dokokin bana ka duba da idonka, kada ka dogara da ni ko abokinka.

Kada ka sa ran irin ƙattan da ake nunawa daga Iowa ko Kansas. Barewar bakin teku ƙarama ce, ƙasar yashi ce da fadama mai tsami, ba ta gina jiki sosai. Amma akwai yawa. Kuma barbararsu takan riga ta yammacin jiha, a wasu gundumomin tun Oktoba maza ke fara bin mata suna yawo da rana tsaka kamar waɗanda hankalinsu ya gushe. In ka je farkon Nuwamba za ka iya riskar ƙarshen abin.

Abin da zai yanke maka hukunci bana shi ne 'ya'yan itacen ok, wani babban itacen daji da barewa ke cin 'ya'yansa. Shekarar da suka zuba da yawa, barewa ba ta da dalilin fitowa bakin gona, tana cikin kurmi tana ƙoshi, kai kana zaune a gefen waken soya kana cewa babu komai. Inda nake zuwa a wajen kogin Roanoke na leƙa makon jiya, ƙasa duk ta rufe da su, in ka taka sai ka ji suna fashewa a ƙarƙashin takalmi. To ni dai bana cikin daji zan kafa rumfata, ba bakin gona ba.

Ɗalibin Greenville:
Yaya Baban Ummi, mu da ke kan bizar karatu fa? An ce mana ko taɓa bindiga muka yi an kore mu daga ƙasar.

Baban Ummi:
Gara da ka tambaya. Dokar tarayya ta hana wanda ya shigo da biza irin taku mallakar bindiga ko harsashi, amma ta ware 'yan wurare, ɗaya daga ciki shi ne wanda ke riƙe da lasisin farauta mai aiki. Wato lasisi a hannu tukuna, sannan bindiga, kuma ranar da lasisin ya mutu kariyar ta mutu tare da shi. Mai katin zama na dindindin ba ya cikin wannan takurar. Duk da haka ka je ofishin ɗalibai baƙi na makarantarku ko wajen lauya ka ji daga bakinsu, don makarantu ba sa yarda a shiga harabarsu da makami, kuma wannan ba abin da za ka gwada a kan maganar zaure ba ne.

Alhajin Damagaram:
Ni tambayata ɗaya ce daga nan Greensboro. Barewa mun ji, agwagwa mun ji. Beyar fa, wa ya aike ku wurinsa? Dabbar da in ta miƙe tsaye ta fi ka tsawo, za ka bar iyalinka ka shiga mata fadama?

Direban Wilmington:
Ranka ya daɗe Alhaji, ai ko ba ka je wurinsa ba shi zai zo wurinka, musamman a inda aka gayyaci ɗan'uwanmu. Wannan yankin ƙasar da ke tsakanin ruwan Albemarle da na Pamlico, gundumomin Hyde da Tyrrell da Washington da Dare, yana cikin wuraren da suka fi yawan baƙin beyar a duniya. Kuma nasu manya ne na ban mamaki. A 1998 aka harbe wani a gundumar Craven mai nauyin fam 880, kusan kilo 400 ke nan.

Dalilin girman a fili yake in ka bi hanyar da mota. Gefe guda kurmin fadama ne da mutum ba ya iya ratsawa, ɗaya gefen gonaki ne iya ganinka, masara da alkama da waken soya da gyaɗa. Yana kwana a kurmi ya yi kalaci a gona. Sanyin wurin kuma ba shi da tsanani, ba ya yin dogon barcin hunturu irin na 'yan uwansa na arewa, wasu mazan kusan shekara suke yi suna ci. Na taɓa tsayawa da mota kusa da Plymouth da yamma, na ga wani zaune a tsakiyar masara yana jawo kara da hannu yana ɓantarar zangarniya, ya kwantar da fili kamar girman ɗaki. Bai ko ɗago ya dube ni ba.

Shekarun baya sun kusa ƙarewa. A 1971 jiha ta keɓe musu dazuzzukan da ba a farautarsu, suka farfaɗo, yanzu abin da ake harbewa a jihar a shekara ya kai ga haura 4,000 kuma ba su ragu ba. To ta fuskar yawa, bana ma babu fargaba. Sai dai ƙa'idarsa ta fi ta barewa tsauri. Guda ɗaya tak a shekara, da kan sarki na musamman a kan lasisinka. Ba a harbin ɗan da bai kai fam 75 ba, ba a harbin uwa mai 'ya'ya. In ka samu kuma sai ka cire wani ƙaramin haƙori ka aika wa hukuma, da shi suke gane shekarunsa. Lokacinsa 'yan makonni ne a Nuwamba da Disamba, kuma ya bambanta daga yanki zuwa yanki.

Alhajin Damagaram:
To ka kashe, sai ka yi me da shi? Ci za ka yi?

Malam na Durham:
Bismillah. Alhaji ya taɓo inda ya kamata a fara. Hadisi ya inganta a kan hana cin duk mai fiƙa daga namun daji masu farauta, kuma a kan haka mafi yawan malamai suka haramta irin su zaki da kerkeci da beyar, har da kura a wajen wasu. A Malikiyya maganar da ta shahara ita ce karhanci, akwai kuma riwayar haramci. Saboda haka wanda ya ci yana da inda zai jingina, amma wanda ya bari ya fi kuɓuta. Abin da na fi so ku lura da shi shi ne niyya. Farauta don ci ko ciyar da iyali halal ce babu ja. Farauta don nishaɗi kawai, a kashe rai a ɗauki hoto a rataye fata a bango, malamanmu sun ƙi ta. In ba za ka ci beyar ba, kuma bai yi maka ɓarna ba, me ya haɗa ku?

Direban Wilmington:
Allah gafarta Malam, ni ma ban taɓa harbinsa ba, kallo nake yi. Amma manoman wurin suna da hujja, don ɓarnar da yake musu ba kaɗan ba ce, ga haɗarin mota da dare. Kuma maharban can suna cin naman, ba yarwa suke yi ba. Wanda zai ci dai ya sani naman beyar yana ɗauke da wata tsutsa da firiza ba ta kashewa, sai an dafa shi ya nuna har ciki. Ba naman tsire ba ne da za a ɗauke daga wuta da sauran ja.

Ɗan Zango:
Ni dai maganar alade nake jira. Don na ga an rubuta shi a sama kowa ya yi kamar bai gani ba.

Baban Ummi:
Haha, to ga shi. Alade ba ɗan ƙasa ba ne a nan. Turawan Sifen suka fara shigo da shi tun ƙarni na 16, wasu suka ɓalle suka zama na daji, a 1912 kuma aka kawo na dawan Turai wani gandun farauta a duwatsun yammacin jihar, su ma suka tsere suka cakuɗa. Hukuma ba ta ɗauke shi naman daji da za a kare ba, annoba ta ɗauke shi. Shi ya sa a gonar mutum ba shi da lokaci, ba shi da iyaka, in kana da lasisi da izinin mai gona shi ke nan. Abin da aka hana shi ne ka kama shi da rai ka kai wani wuri ka saki.

A gabar teku ba ko'ina yake ba, yana nan jefi-jefi a bakin koguna da fadamu. Inda ya sauka kuwa, dare ɗaya garke zai juye maka gonar gyaɗa kamar an sa garma. Macen tana fara haihuwa tun ba ta shekara ba, tana iya yi sau biyu a shekara, shi ya sa harbin ɗaya ɗaya ba ya rage su. Manoman da suka gaji tarkon keji suke kafawa su kama garken gaba ɗaya.

Ɗan Zango:
To Musulmi zai harba ko ba zai harba ba? Ni a ganina babu ruwanmu. Abin da ba za ka ci ba, ba za ka taɓa ba, ba za ka sayar ba, me ya kai ka?

Ɗalibin Greenville:
Amma yaya, in mai gona ya ba ka wuri kyauta kana harbin barewa, ya ce in ka ga alade ka taimaka ka sauke masa, za ka ce a'a? Ai kamar kashe ɓera ne a rumbu.

Ɗan Zango:
Ɓera ba ka barin gawarsa wani ya zo ya gasa. Wannan kana harbewa za su ɗauka su ci, kai ka zama mahaucinsu.

Malam na Durham:
Ku tsaya a raba maganar biyu. Kashe dabba mai ɓarna don kare amfanin gona ya halatta, alade ma yana ciki. Cinsa, sayar da shi, karɓar ladan fiɗarsa, ko ka harbe shi da nufin ka kai wa wani kyauta ya ci, wannan kuma a'a. In ka harba don kawar da cuta ka bar shi inda ya faɗi, abin da mai gona ya yi da shi daga baya ba a wuyanka yake ba. Amma Ɗan Zango bai yi laifi ba in zuciyarsa ta ƙi. Ba wajibi ba ne a kan kowa, kuma ana iya gaya wa mai gona da ladabi tun kafin a shiga daji, ba sai alade ya fito ba a fara jayayya.

Ɗan Zango:
Malam na ji, amma ni har yanzu ban gamsu ba. Mutum ya san sarai za a ci, sai ya ce niyyarsa daban. Allah dai ya sa mu dace.

Baban Ummi:
Amin. Wanda ya zaɓi harbin, kada ya kai hannu. Yana ɗauke da cutar bakkale da ke kama mutum ta jini, akwai kuma wata cuta a jikinsa da ke kashe kare cikin 'yan kwanaki. Mu koma kan abin da zai shiga tukunyarmu.

Maman Sadiƙ:
Sannunku da hira. Ni daga Charlotte abin da ya dame ni nama ne. Mutum ɗaya barewa shida, ina za a kai? In wani ya samu fiye da buƙatarsa ni zan saya, ina yin kilishi da dambun nama ana oda.

Baban Ummi:
Hajiya, a nan ne gizo ke saƙa. Sayar da naman daji laifi ne a jihar nan, ɗanye ko sarrafaffe. Kyauta ake bayarwa. Wanda ya yi masa yawa akwai ƙungiyar maharba da ke karɓa ta raba wa mabuƙata. Kin ga dalilinsu, don kasuwar nama ce ta kusa ƙarar da barewa da agwagi a ƙasar nan a farkon ƙarni na 20. In Allah ya ba ni zan aiko miki da cinya ki yi wa yara, amma ba na oda ba. Naman ba shi da kitse ko kaɗan, ya dace da kilishi, a miya kuma sai an yi haƙuri da shi a kan wuta.

Tunda mun zo kan girki, ga abin da ya shafe mu fiye da Turawa, don mu ba ma yar da kai da ƙashi. Akwai wata cutar ƙwaƙwalwa da ke ramar da barewa har ta mutu, an fara ganinta a jihar nan a 2022 a gundumar Yadkin, a 2023 ta ɓulla a Cumberland, wanda ya matso gabas. Ba a tabbatar tana kama mutum ba, amma hukumomin lafiya sun ce kada a ci wadda ta kamu, kuma dafuwa ba ta kashe abin. Ku bar farfesun kai, ku bar ɓargon ƙashin baya da saifa. In a yankin da ake sa ido ka harba, ka kai a gwada, kuma akwai dokar hana fitar da gawar daga can.

Ɗayar cutar ta ƙarshen bazara ce, wadda wasu ƙananan ƙudaje ke yaɗawa. In aka yi fari sai ka riƙa tsintar gawa a bakin ruwa, zazzaɓi ke kora su can. Sanyin farko yana kashe ƙudajen abin ya lafa. Ita wannan gona-gona take bi, za ta iya share wani yanki ta bar na kusa da shi. Ɗan Katsina, ka tambayi kawun abokinka ko ya tsinci gawa a Agusta da Satumba. Amsarsa ta fi duk wani hasashe da za mu yi maka daga nan.

Maman Sadiƙ:
Na gode Baban Ummi, ina jiran cinyar. Kuma ku yi hattara da kaska. Wata maƙwabciyata mijinta ya je daji, wata kaska mai farin ɗigo a baya ta cije shi, tun daga nan in ya ci naman sa ko rago sai jikinsa ya yi rudu-rudu cikin dare. Likita ya ce daga cizon ne. Bahaushe a hana shi nama da babbar sallah, ai an gama da shi.

Direban Wilmington:
Gaskiya ne Hajiya, a cusa ƙafar wando cikin safa a fesa magani. Yanzu ku bar ni in yi maganar agwagi, don nan ne nawa fagen, kuma nan ne ba zan yi muku alƙawarin komai ba.

Barewa da beyar 'yan gida ne, suna nan ko ka zo ko ba ka zo ba. Agwagwa baƙuwa ce. Yawancinsu a Kanada da arewacin Amurka suke ƙyanƙyasa, sai ruwan can ya daskare abinci ya rufe sannan su gangaro mana. Shekarar da hunturu ya yi laushi a arewa, sai su yi zamansu a Maryland da Delaware da New Jersey, mu muna nan cikin kwalekwale muna kallon sama. Saboda haka duk wanda ya ce maka a Satumba bana za a yi agwagi, faɗa kawai yake yi. Ka riƙa duba yanayin arewa. In ka ji iska mai sanyi ta taso daga can, kwana biyu bayanta ka nemi hutu a wurin aiki.

Abu na biyu abinci ne a ruwanmu. Tafkin Mattamuskeet da ke gundumar Hyde, kusa da inda za ka je, shi ne tafki mafi girma da ba mutum ya haƙa ba a jihar, faɗi kamar me amma zurfinsa da ƙyar ya wuce ƙugu. Tun 1934 yake gandun tsuntsaye na tarayya. Da ciyawar ƙarƙashin ruwa ce ke tara masa agwagi, amma zuwa 2017 kusan duk ta mutu, ruwan ya gurɓace ya yi kore, ga wani kifi baƙo da ke tumɓuke saiwa yana dama laka. Ana ta ƙoƙarin gyarawa. Yanzu tsuntsayen sun fi komawa gonakin da masu hali ke tarewa su cika da ruwa, kuma kujera a irin waɗannan wuraren kuɗi ne masu yawa. Ga gishirin teku da ke shigowa duk lokacin da aka yi guguwa irin Florence ta 2018 da Dorian ta 2019. In ka bi hanyar 264 ta wajen kogin Alligator za ka ga itatuwa tsaye fari fat sun bushe, gishiri ne ya kashe su.

Talaka irina, abin dogaronsa agwagwar kurmi ce, mai ƙyanƙyasa a kogon itace a nan gida, da ƙananan nan masu koren fiffike. Minti ashirin na farko bayan an buɗe harbi su ne komai, suna ratsowa ta cikin itatuwa suna kuka, kafin ka ɗaga bindiga sun wuce. Masu manyan jirage kuma su shiga ruwan Pamlico su nemi masu jan kai da sauran masu nutso.

Doka a nan ta tarayya ce, ba ta wasa. Kwana 60 ne a shekara, an yanka su kashi-kashi, ƙarshensu ƙarshen Janairu, kuma babbar hanyar 95 ta raba jihar yanki biyu, kowane da ranakunsa. Shida a rana, amma kowane iri da nasa iyakar a cikin shidan, dole ka gane tsuntsu tun yana sama. Mai shekara 16 zuwa sama sai ya sayi kan sarkin agwagwa na tarayya, dala 25. Tun 1991 aka hana harsashin dalma, sai na ƙarfe da makamantansa, don tsuntsaye na haɗiye ƙwayoyin su mutu. Bindiga kada ta ɗauki fiye da harsashi uku. Kuma ka ga yadda ake zuba wa barewa masara a gonar mutum ba laifi? Ka yi wa agwagwa haka, malaman daji su kama ka, ko da ba kai ka zuba ba in dai ya kamata ka sani.

Alhajin Damagaram:
Waɗannan fararen manya masu dogon wuya da na gani a hoto fa, sun rufe gona kamar an shanya auduga?

Direban Wilmington:
Suwan ke nan Alhaji. Daga can ƙurewar Alaska da arewacin Kanada suke tasowa, kuma mafi yawan na gabashin nahiyar a nan yankin suke cin hunturu, wajen tafkin Pungo da Mattamuskeet. Ana farautarsu amma da ƙuri'a, wanda ya ci a ba shi izinin guda ɗaya. Ko ba ka riƙe bindiga ba, ka kai yara Pungo a Janairu su gani, kukan kaɗai ya isa kuɗin mai.

Ɗan Katsina a Raleigh:
Malam, ina da tambaya a nan. Agwagwa in an harbe ta cikin ruwa take faɗawa, kare ya ɗauko. Na taɓa jin cewa abin da ya faɗa ruwa ba a ci.

Malam na Durham:
Ka ji daidai, yana cikin hadisin Adiyyu ɗan Hatim, an ce masa in ya tarar da abin farautarsa ya nutse a ruwa kada ya ci, don bai sani ba ruwan ne ya kashe ko kibiyarsa. Illar ita ce shakka. In harbin ya huda ya yi rauni mai kisa, har ka tabbata shi ya kashe, malamai da yawa sun ce a ci, wasu ma sun sassauta musamman a kan tsuntsun ruwa tunda ruwan gidansa ne. Abin da ke kanka shi ne ka yi Bismillah lokacin da za ka ja kunamar bindiga, kuma duk abin da ka riska da sauran rai, agwagwa ce ko barewa, ka yanka nan take. Ka riƙe wuƙa mai kaifi a inda hannunka zai kai da sauri. Kare kuma, an yarje riƙe shi don farauta, a Malikiyya ma ba najasa ba ne. Ka wanke inda ya kama ka dafa abinka.

Baban Ummi:
Ƙarin bayani a kan yanka, kada ka ruga kan barewar da ta faɗi. Kofatonta yana tsaga fata. Ka zagayo ta baya, ka tabbata ba za ta tashi ba. Kuma kafin ka ja ta daga wurin sai ka cike katin rahoto, sannan ka sanar da hukuma ta waya ko intanet.

Tsuntsaye kuma, murar tsuntsaye tana yawo a cikinsu tun Janairun 2022, gundumar Hyde na cikin wuraren farko da aka gano ta. A sa safar hannu wajen figa, kada a ɗauki wanda aka tsinta a mace, mai kaji a gida ya canza takalmi.

Direban Wilmington:
Saura abu ɗaya da ya shafi Hyde kai tsaye. In ka ga wani abu kamar kare ko babban dila ya gifta, sauke bindigarka. Jan kerkeci na nan, an sake su a gandun kogin Alligator a 1987, kuma 'yan tsirarun da ke wannan yankin su kaɗai suka rage a daji a duk duniya. Yana kama da koyoti sosai, wani karen daji mai kama da dila, shi ya sa aka takura farautar koyoti a gundumomi biyar na wurin. Da yawansu suna da abin wuya mai ruwan lemo. Harbinsa shari'ar tarayya ce.

Ɗalibin Greenville:
Mu da ba mu da abokin da kawunsa ke da gona fa?

Baban Ummi:
Akwai dazuzzukan gwamnati, sama da eka miliyan biyu a jihar. A gabas akwai Holly Shelter a gundumar Pender, dajin Croatan kusa da New Bern, Gull Rock a Hyde, Goose Creek don agwagi. Kowane da ranakunsa, wasu sai da ƙuri'a. Akwai cunkoso ranar Asabar, kuma a gabas har yanzu ana korar barewa da karnuka, za ka ga motoci jere a bakin hanya. Hula ko riga mai ruwan lemo dole ce lokacin bindiga, ni har a hanyar komawa mota ba na cirewa.

Ɗan Katsina a Raleigh:
Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Na yanke barewa zan nema, in an samu sarari a gwada agwagwa, beyar da alade kuma in bar wa masu gona. Abokin nawa ya ce mu tafi Juma'a da dare mu dawo Lahadi da yamma.

Direban Wilmington:
To agwagwarku ta Asabar ce kawai, ba a farautar tsuntsaye masu ƙaura ranar Lahadi a jihar nan. Barewa ana yi da bindiga a gonar mutum tun dokar 2015, amma sai ku dakata daga 9:30 na safe zuwa 12:30 na rana, kuma kada ku kusanci coci. Wandon roba mai kaiwa ƙirji ina da na aro in ƙafarka ba ta wuce 44 ba.

Ɗalibin Greenville:
Yaya Ɗan Katsina, in za ka yi rajistar kwas ɗin ka sanar da ni ranar, mu shiga aji ɗaya. Ni ba ni da mota.

Maman Sadiƙ:
Kuma a tafi da babbar kula da ƙanƙara. Nuwamban gabas wani lokaci zafi ake yi, kada a kawo mini cinya tana wari.